Gilashin kyamara mai gani a ɗakin amarya

Kyamarata Nikon D3300 ce ta hannu, kuma da gilashin da ake haɗo ta da shi na fara, wato 18-55mm (ƙaramar lamba ta fi ɗauko faɗin wuri, babba ta fi jawo abu kusa). Da rana a waje ba shi da laifi, Hasumiyar Gobarau ma da shi na ɗauke ta. Wahalar sai an shiga ɗakin amarya a cikin gari: taga ɗaya ga labule mai kauri, ga shi an ɗauke wuta. In na jawo hoto zuwa 55mm, ƙofar haskensa ba ta wuce f/5.6, sai fuska ta fito dishi-dishi. A lissafin nan ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa, kuma f/1.8 tana shigo da haske kusan ninki goma na f/5.6.

Duk wanda na tambaya sai ya ce in sayi 50mm f/1.8, mai araha ne. Wani dattijon mai hoto da nake zama a shagonsa wajen Ƙofar Ƙaura ne ya taka mini birki. Ya ce, "Yaro, kafin ka fitar da ko sisi, ɗaure gilashinka da salatif a kan 50 ka yini da shi, gobe ka mayar 35." Na ce, "To, Baba."

Sensar kyamarata, wato inda hoto ke sauka a cikinta, ƙarama ce, tana ninka lambar gilashi sau 1.5, don haka 50mm gani yake kamar 75mm. Sai da bayana ya manne da bango, duk da haka amarya da ƙawa ɗaya kawai suka shiga hoton. A kan 35 kuwa, har ƙannen da ke bakin gado sun samu shiga. Shi ke nan na tsaya a kan AF-S DX 35mm f/1.8G, wanda Nikon ta fitar a 2009, na hannunsa kuma ba ya wuyar samu.

Wajen saye an yi ta tallata mini 50mm f/1.8D, wai ya fi sauƙin kuɗi. Gaskiya ne, sai dai ba shi da injin saita hoto a cikinsa, D3300 ma ba ta da shi a jikinta, ke nan da hannu za ka yi ta murɗawa amarya na jira. Da kyamarata na je, na ɗaura 35mm ɗin na gwada, sannan na haska tocilan waya ta cikin gilashin. 'Yar ƙurar hunturu ba komai ba ce. Wadda ake gudu ita ce funfuna mai zane kamar yanar gizo-gizo.

Yanzu ma ba kullum nake buɗe 35mm ɗin f/1.8 ba. In ka matso kusa a haka, ido zai fito tar amma ɗan kunne ya dushe. Mutum ɗaya ina barinsa wajen f/2.2, in dangi suka jeru layi biyu sai f/4. Ranar hawan Sallah a Ƙofar Soro kuma a jaka yake yini, don dawakai na nesa, dogarai kuma ba za su bar ka ka matsa ba.