Laraba: An Ba Jaririn Ƙanwata Gado

Tun hantsi masu barka ke yabon yaron wai akwai haƙuri, ko kukansa ba a ji. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Jaririn kwana biyar da ya daina kama nono tun daren jiya, a taɓa shi da ƙyar yake motsi, wane irin haƙuri ne wannan?

Da na buɗe zanen goyon sai wari ya bugo ni. Gindin cibiyar ya yi ja, yana fitar da mugunya. Ashe Inna ce ke gasa ta da tsumma mai zafi, ta bi da man goge baki don ta faɗi kafin suna. Maganin shafawa na kulohekzidin da aka ba su ranar haihuwa, wanda aka ce a shafa sau ɗaya kullum, yana cikin jaka ko buɗe shi ba a yi ba.

"Haka na yi muku dukanku," in ji Inna.

"Haka ne Inna, amma dubi numfashinsa."

Ta duba, ta yi shiru, ta ɗauki mayafinta.

A asibiti nas ta ɗaga rigarsa tana kallon agogo, ta ce numfashin ya haura 60 a minti ɗaya, zafin jiki kuma ya wuce digiri 38. Likita ya ce ƙwayoyin cuta ne suka bi ta cibiya, da alama sun shiga jini. Abin da ya fi tsaya min a rai: ya ce wani jaririn ma ba zazzaɓi yake yi ba, jikinsa sanyi yake yi, sai gida a ɗauka lafiya ce. Ya tambayi mai jego ko ta yi allurar rigakafin tetanus, cutar sandarewar jiki da kan kama jariri ta cibiya, a wajen awo, ta ce ta yi. Alhamdulillahi, wannan fargabar ta ragu.

An ɗebi jininsa, an sa masa allura ta jijiya, maganin kashe ƙwayoyin cuta kala biyu, aƙalla na mako guda. Uwar na tatsar nono ana ba shi da ɗan kofi. Duk mai son taɓa shi sai ya wanke hannu da sabulu, har Inna, da nas ta tsare da ido.

Jibi za a yanka rago, amma wanzami ba zai taɓa shi ba, maganar cire belu kuwa uban da kansa ya kashe ta. Ni ce da kwana yau, allura ta gaba ƙarfe sha biyun dare.