Monymusk: Kiɗan Gogen da Ya Bar Sikotland Ya Sauya Kama

Wanda ya ƙirƙiri kiɗan Monymusk shi ne Daniel Dow, magogi kuma malamin kiɗa da aka haifa a 1732 a yankin Perth na Sikotland, ya zauna a Edinbura har ya rasu a 1783. Ya fito da shi a wajajen 1776 cikin kundinsa na sababbin kaɗe-kaɗen rawa guda 37, da sunan "Sir Archibald Grant of Monemusk's Reel". Monymusk kuwa gandun gidan Grant ne a bakin kogin Don, yankin Aberdeen. Haka makaɗan zamanin suke yi: su raɗa wa kiɗa sunan mai hali, shi kuma ya sa sunansa cikin masu biyan kuɗin littafin tun kafin a buga.

Da gangan muka ce "wajajen". Yawancin kundayen kiɗan Sikotland na wancan ƙarni ba su ɗauke da shekara a bango. Mai bincike sai ya duba adireshin mai sayar da littafin, ya gano lokacin da yake wannan shagon, sannan ya nemi tallar littafin a jaridun Edinbura. Irin wannan aikin haƙuri John Glen, mai tattara kaɗe-kaɗen Sikotland, ya yi a kundayensa na 1891 da 1895, kuma har yau masu bin asalin kaɗe-kaɗe suna jingina da shi. A kula, shekarar bugu ba ita ce shekarar ƙirƙira ba. Kiɗa kan daɗe a hannun magoga kafin ya hau takarda.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne suna. Dogon sunan nan ya gajarce ya koma Monymusk, da ya isa Amurka ya zama "Money Musk", kuma sau da yawa sunan Dow ya ɓace daga shafin. Wanda ya nemi suna ɗaya tak zai rasa bugu da dama. Abin dogaro shi ne a kwatanta gaɓoɓin farko na kiɗan kansa, wato ƙananan sassan da ake raba rubutaccen kiɗa.

Sai dai shi ma kiɗan bai zauna wuri ɗaya ba, kuma nan ne labarin ya fi daɗi. A Sikotland ana kaɗa shi a kan sautin G (Turawa da haruffa suke kiran sautukan kiɗa), da salon strathspey: bugu huɗu a kowace gaɓa, ba gaggawa, ana haɗa dogon sauti da gajere, wani lokaci gajeren ya riga dogon da fizga. Wannan fizgar ita ce ran kiɗan. Idan hannun dama mai goga tsirkiya ya yi sanyi, sautukan suka yi tsawo ɗaya, an fita daga strathspey ke nan. A arewa maso gabashin Amurka kuwa da gangan aka daidaita su, aka ƙara sauri, aka ɗaga kiɗan zuwa A, inda tsirkiyar A da ta E ke amsawa ba tare da an danne su ba. Can ne ya zama kiɗan rawar layi biyu mai suna iri ɗaya, wadda aka saba yi da gaɓa 24 maimakon 32.

Don haka idan tsohon shafi ya zo hannunka, duba sautin da aka rubuta shi a kai, ka duba ko fizgar tana nan, ka ƙirga gaɓoɓi, kafin ka ce daga wane gefen teku ya fito.