Injin Kwale-kwale: Mai Bugu Biyu ko Mai Bugu Huɗu?

A bakin ruwan Yawuri, ko Baga, ko Yeji da ke tafkin Volta a Ghana, injin da aka fi gani maƙale a bayan kwale-kwale shi ne Yamaha Enduro mai bugu biyu, wanda ake haɗa masa fetur da baƙin mai kamar ƙaramin janareta. Dalilin a fili yake: ba shi da bawul, ba shi da tukunyar baƙin mai, kayan cikinsa kaɗan ne, kuma kusan duk bakaniken bakin ruwa zai kwance kafiretarsa ya mayar kafin azahar. Ga rashin nauyi. Mai ƙarfin doki 40 yana kai kilo 72 ko kusa da haka, takwaransa mai bugu huɗu kuwa, wanda baƙin mansa ke tukunya daban kamar injin mota, ya doshi kilo 100. Mutumin da kullum da yamma sai ya cire inji ya kai gida saboda ɓarayi ya san wannan ba ƙaramin bambanci ba ne.

Inda yake cutar mai shi wajen shan mai ne. Mai bugu biyu irin na kafireta yana zubar da wani ɓangare na fetur ta bututun hayaƙi ba tare da ya ƙone ba, domin ƙofar shigar mai da ta fitar hayaƙi suna buɗe a lokaci guda. In aka murɗe shi har ƙarshe, doki 40 zai sha kusan lita 20 a awa, mai bugu huɗu kusan 15. A tafiyar sannu, kamar lokacin jan taru, tazarar ta fi haka in aka auna ta da kaso cikin ɗari. Tun da aka cire tallafin mai a Najeriya a 2023, wannan lissafi ya daina zama abin wasa ga mai jigilar fasinja wuni guda.

Haɗin mai shi ne ran mai bugu biyu. Ƙa'idar ita ce kashi 50 na fetur, kashi 1 na baƙin mai, wato rabin lita a tankin lita 25. Sabon inji kuwa a ninka masa, lita guda cur, har ya cika awa 10 na farko. A nemi man da aka rubuta TC-W3 a jikin galan, wato alamar baƙin man injin kwale-kwale mai bugu biyu. Baƙin man mota ba nasa ba ne, yana barin toka da ke toshe fulogi ya maƙale zoben fistin. In kuma aka yi rowar mai, fistin ya kama, sai an tsaga inji.

Mai bugu huɗu ba ya son ƙazanta ko kaɗan. Ana juye baƙin mansa bayan awa 20 na farko, daga nan duk awa 100. Masu injekta a cikinsu, fetur ɗin jarka mai ruwa ko tsatsa yana iya tsayar da su a tsakiyar kogi, don haka matatar da ke raba ruwa da fetur dole ce. Sannan in za a kwantar da shi a ƙasa, a bi gefen da kamfani ya nuna, in ba haka ba baƙin mai ya gangara cikin silinda, gobe igiyar tayar da inji ta ƙi jawuwa.

A ganina, wanda ke aikin awa biyar ko shida kullum, yana da tsabtataccen mai da bakaniken da ya san injin a kusa, mai bugu huɗu zai mayar masa da kuɗinsa. Masuncin da ke can cikin tsibiri, nesa da kayan gyara, ya riƙe Enduro ɗinsa.

Ko wanne aka saya, a riƙa duban siririn ruwan da ke tsartowa a bayan inji da zarar an tayar, shi ne shaidar ruwan sanyaya inji yana zagayawa. In ya yanke, a kashe nan take. Yashin rani yana cinye robar famfon ruwa, ita kuma in ta lalace, 'yan mintoci sun isa inji ya ƙone.