Littafin bashin Kawu da fayil ɗaya da na ɗora wa komai

Kwana biyu ban leƙo nan ba, shagon Kawu ne ya riƙe ni. Waɗanda suka san mu a Aboabo, cikin Kumasi, sun san hatsi yake sayarwa tun ina ƙarami, masara da wake da shinkafa da gero, yawanci daga Techiman da Ejura ake kawo masa, kuma rabin cinikinsa bashi ne saboda masu dafa waakye da masu koko basa biya nan take, su ɗauki olonka goma, wato gwangwanin awonmu, yau su kawo kuɗi in sun sayar, wata ta turo ta MoMo wata ta aiko yaro da kuɗi a hannu wata kuma sai ƙarshen sati. Duk wannan lissafi a littafi ɗaya yake mai baƙin bango wanda ruwan damina ya taɓa jiƙawa har wasu shafuka suka manne. Ranar da naga Kawu yana ɗaga shafi da bakin wuƙa a hankali don kar ya yage, yana neman sidi nawa yake bin wata Hajiya, ranar nace a raina wallahi sai na haɗa masa wani abu a waya.

Abun da na haɗa ɗin ba wani babba bane. Fuskar, wato abun da mutum ke gani yana dannawa, da React na rubuta ta, Vite ne ke tattara min ita, irin manhajar nan ce mai shafi ɗaya. Ga wanda bai saba da ita ba, ma'anarta shine burauza zata sauko da index.html sau ɗaya tak tare da JavaScript, daga nan duk inda ka danna ba sabon shafi ake ɗauko maka ba, JavaScript ɗin ne ke sake zana allon ya canza adireshin da ke sama, saba kuwa, wato kwamfutar da manhajar ke zaune a kai a intanet, bayanai kawai ake tambayarta. Ɓangaren baya kuma, wato shirin da ke aiki a kan saba, da yaren Rust na rubuta shi, da Axum na mutanen Tokio, sai SQLite na ajiye lissafi. Nasan wani zai ce Rust don littafin bashi? Eh. Sabar da nake haya ƙarama ce, mafi arha da na samu, da dala ake biyanta kuma kowa yasan yadda sidi ke yi da dala, so ina son abun da zai zauna shiru baya cin memori baya faɗuwa cikin dare. Kuma gaskiya ina son yaren, tun da na fara koyo nake neman aikin gaske da zan sa shi.

Shawarar da kowa ya fara bani ita ce in raba su biyu, fuska in ɗora a wani wuri na kyauta, baya in bari a sabata. Na gwada kwana uku na fasa. Adireshi biyu ne, dole ka zauna kana lallashin CORS, wato dokar burauza kan shafin da ke neman bayanai daga wani adireshi daban, kukis na shiga suna ta gardama, in ka gyara abu a baya sai ka tuna baka tura fuskar ba. Ni kaɗai ne ke riƙe da abun nan kuma ina da aikina na rana, bazan iya kiwon akuya biyu a unguwa biyu ba. Sai na koma kan cewa shirin Rust ɗin nan shi zai miƙa komai, in an tambayi /api ya bada bayanai, in an tambayi wani abu daban ya bada fuska. Har yau ina kan wannan ra'ayi, ga ƙaramin aiki irin namu babu abun da ya fishi. Amma akwai ramuka a hanyar kuma sai da na faɗa kusan duka kafin na gane su.

Na farko ya zo ne a satin farko. Na sa kowace kwastoma tana da shafinta, misali /kwastoma/17, Kawu zai iya tura mata ta WhatsApp ta shiga da lambarta taga abun da ake binta. A laftof ɗina lafiya lau. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci Kawu ya kira ni, yace kai ɗana, abun naka fa Hajiya tace bai buɗe ba, wasu lambobi kawai ta gani. 404 ne, lambar da saba ke bayarwa in bata samu abun da aka tambaya ba. Dalili kuwa mai sauƙi ne in ka gane shi, ni kullum daga shafin farko nake shiga in danna har in kai wurin, React Router na canza adireshi a cikin burauza saba bata ma san anyi ba. Ita kuwa Hajiya kai tsaye ta buɗe /kwastoma/17, burauzarta taje ta tambayi saba wannan fayil, saba ta duba cikin dist, inda Vite ke zuba fuskar da ya gama tattarawa, babu wani abu mai wannan suna tace babu. Haka ma in mutum ya ja allo ƙasa don ya sabunta shafi. Lokacin gwaji baka ganin wannan saboda ƙaramar sabar Vite ta kan 5173 tana rufe maka shi da kanta.

Maganin shine duk adireshin da saba bata gane ba ta miƙa index.html, JavaScript ya tashi ya karanta adireshin ya zana abun da ya dace. Masu Nginx da try_files suke yi. A wajenmu tower-http na da ServeDir, ka nuna masa dist ka haɗa masa ServeFile na index.html a matsayin madogara. Sai dai a lura da kyau, hanyoyi biyu ne masu kama da juna, not_found_service zai bada shafin amma da lambar 404 a manne, fallback kuma zai bada shi da 200, lambar da ke cewa komai lafiya. A ido duk ɗaya ne don burauza zata nuna shafin, amma shafin kwastoma ai ba ɓatacce bane, yana nan, don haka na ɗauki fallback.

To wannan maganin ne ya haifo rami na biyu, kuma shi ne ya fi cin raina. Ka buɗe ƙofa kace duk wanda ba'a sani ba a bashi index.html, ashe har waɗanda ya kamata a ce musu babu suma shi ake basu. Wata rana nayi kuskuren harafi ɗaya a kiran /api, maimakon saba tace min babu irin wannan hanya sai ta miƙo index.html da 200 kaman komai daidai, fuskar ta ɗauka JSON ne, wato tsarin da bayanai ke zuwa a ciki, ta fara karantawa ta ci karo da alamar < a farko ta tsaya cak. Na kwashe wajen awa biyu ina tono a SQLite alhali matsalar ba nan take ba. A Axum in ka saka ƙaramin Router a ƙarƙashin /api baka bashi nasa madogara ba, na babban yake gada. Sai na bashi nasa wanda ke maido 404 da ɗan saƙo a JSON, magana ta ƙare.

Amma babban abun kunya sai ranar da na tura gyara da daddare. Da asuba Kawu ya buɗe shago ya buɗe waya, fari fat, babu ko harafi. Ga mata a tsaye da bokitai suna jiran awo don su je su ɗora tukunya, dole ya ciro tsohon littafin nan daga ƙarƙashin benci ya rubuta da biro. Da nazo bai yi faɗa ba, cewa kawai yayi ɗana, shi wannan ko ruwa ya dake shi yana buɗewa. Maganar ta zauna min sosai don gaskiya ce, mutum ya yarda da kai ya ɗora amanar kuɗinsa a kan abun da ka haɗa.

Na zauna a kan buhun masara na haɗa wayarsa da laftof na duba. Vite in ya tattara aiki yana saka wa kowane fayil na cikin assets wasu haruffa a suna waɗanda ke canzawa duk lokacin da abun ciki ya canza. Wayar Kawu ta riƙe tsohon index.html a ajiyarta, saboda ban gaya mata komai ba game da ajiya kuma burauza in ba'a gaya mata ba ita ke kintata wa kanta tsawon lokacin da zata riƙe abu. Tsohon index ɗin yana kiran tsohon JavaScript wanda na riga na share. Saba kuma maimakon tace babu, sai madogaran nan ya sake miƙa index.html a matsayin JavaScript, burauza ta duba taga an ce mata text/html ne ta ƙi kunna shi, shine allon ya zauna fari. Kuskure biyu ne suka haɗu a wuri ɗaya.

Gyaran ma biyu ne. Na ware /assets daban, in fayil baya nan 404 ne babu wani madogara. Sannan na zauna na rubuta Cache-Control da hannuna. Duk abun da ke cikin assets na bashi max-age na 31536000, wato daƙiƙun shekara guda, da immutable, tunda sunan na canzawa in abun ya canza babu dalilin da waya zata sake tambayarsa. Shi kuwa index.html na bashi no-cache. Sunan nan na ruɗar mutane, ba cewa yake kar a ajiye ba, cewa yake ka ajiye amma kafin kayi amfani dashi ka tambayi saba ko ya canza, in bai canza ba ta amsa da 304 ba tare da ta sake turo komai ba. Wannan ba ƙaramin abu bane a wurinmu. Yawancin matan nan bandir ɗin sidi biyu ko uku suke saya, kuma a cikin rumfunan kasuwa netwok yana zuwa yana tafiya, in shafi zai sauko da JavaScript ɗinsa gaba ɗaya duk buɗewa to zasu daina buɗewa. Yanzu sau ɗaya ake saukewa, sauran ranaku ɗan lissafin kawai ke wucewa. Na ƙara da matse fayiloli da gzip da brotli, JavaScript ɗina ya koma wajen kashi ɗaya bisa uku na girmansa.

Daga baya na ƙara taku ɗaya wanda shine ainihin abun da yasa nake wannan rubutu. Da ServeDir dole babban fayil ɗin dist ya zauna kusa da shirin, kuma hanyar da ka rubuta ta dogara da inda aka tada shi, ranar da na mayar dashi ƙarƙashin systemd, mai tada shirye-shirye a saba da kansa, sai ya rasa inda dist yake. Sai na koma rust-embed, wanda ke cusa dist gaba ɗaya cikin shirin lokacin haɗa shi na fitarwa, a lokacin gwaji kuma daga faifai yake karantawa don kar ka riƙa jiran haɗi duk ƙaramin canji. Yanzu abun da nake turawa saba fayil ɗaya ne, fuska da baya a ciki, babu yadda za'ayi ɗaya ya riga ɗaya isa. Kuɗin da ka biya shine wasu ayyukan da ServeDir ke maka kyauta sun dawo kanka, nau'in kowane fayil sai ka nemo da mime_guess, gane ko fayil ya canza ma kai zaka shirya, ka saka ETag, wato tambarin da waya ke gwadawa ta san ko abun ya canza, sa'a rust-embed na bada sha256 na kowane fayil sai nayi amfani dashi. Layuka kaɗan ne, ban ga asara ba.

Wani abokina da ya gama Tek, wato jami'ar KNUST ta Kumasi, shi da yaren Go yake rubutawa, da na nuna masa sai yace su ai wannan a cikin yaren yake tun 1.16 a 2021, embed kawai zaka kira. Gaskiya ne kuma duk wanda ya iya Go ya tsaya a kai, ramukan da na faɗa duk iri ɗaya ne a can, ba ruwansu da yare. Abu ɗaya da zan ja kunnen masu Rust, kar ka ce zaka haɗa shirin a kan ƙaramar saba, memori bazai isa ba. A laftof nake haɗawa da musl don ya fito a tsaye da ƙafarsa baya neman komai, in tura da scp, in sake tada shi. Caddy na gaba yana kula da HTTPS. In gyara ya lalace tsohon fayil ɗin na nan gefe, minti ɗaya na mayar dashi, kuma na daina tura komai da daddare, sai bayan azahar lokacin da shago yayi sauƙi ina zaune kusa da Kawu da wayarsa a hannuna.

Littafin baƙin bangon yana nan bai yar ba, duk yamma bayan la'asar yana kwafe jimlar ranar a ciki kuma ban hana shi ba, don nima duk dare ina kwafe fayil ɗin SQLite zuwa wani wuri daban. Jiya Hajiyar nan ta farko tazo awon wake, ta buɗe shafinta da kanta ta nuna masa tace Alhaji sidi 40 ɗin da na turo ranar Talata ga su nan sun shiga, sannan ta juyo gare ni tace ɗan nan ka ƙara girman rubutun, idona baya ganin ƙananan nan. Shi nake kai yanzu, da kuma shafin buhunan da ke shigowa daga Ejura wanda Kawu ya ce yana so kafin kaka.