Layi ya hau a Legas, kuɗi sun narke a Maradi

Na bar biron Alhaji bayan ƙaramar Sallah ta 2024, kuma wallahi sai yanzu zuciyata ta ɗan kwanta har nake iya rubuta abin da ya faru. Waɗanda munka yi aiki tare sun san wurin, sun san shef ɗinmu, ba sai na kama suna ba. Shekara biyar ina riƙe da lissafin gidan, wake da aya da ridi da muke turawa Najeriya, kayan da muke shigowa da su ta Jibiya da Ɗan Isa, ba a taɓa kama ni da ɓatan ko dala ba. Takarda ɗaya mai shafi shida ce ta kayar da ni.

Farkon 2023 ne, lokacin da anka canza takardun naira, tsabar kuɗi ta ɓace a kasuwannin Najeriya. Alhaji yana da naira miliyan 60 kwance a asusun banki can Katsina, kuɗin wake ne, kuma al'adarshi da kuɗi sun shigo yake maida su sefa ko ya sayo kaya. Shef ya kira ni ya ce tunda ni ne na yi karatun tattalin arziki a jami'a, in rubuto mishi rapor a kan kasuwar hannun jari, a gani ko kuɗin za su iya haihuwa maimakon su zauna. Na ji daɗi ba kaɗan ba, don tun da na gama karatu ba wanda ya taɓa tambayata wani abu da ya wuce tara da ɗebewa.

Bari in faɗi yadda ma'aunin kasuwar hannun jari yake aiki, wanda a biro muke ce ma andis, don nan ne kan maganar. A ɗauki kowane kamfani da ke cikin kasuwa, a ninka farashin hannun jarinshi guda da adadin hannayen da yake da su, a haɗa na kowa da kowa wuri ɗaya, sannan a gwada jimlar da ta ranar da anka fara auno. Na Legas, All-Share Index, ranar 3 ga Janairu 1984 anka sa mishi maki 100. Namu na yankin sefa, na kasuwar hannun jari ta BRVM da ke Abijan, wadda ƙasashe takwas na UEMOA ke tarayya a kanta, a Satumban 1998 ta fara da maki 100 ita ma. Abin da mutane ba su lura da shi shi ne ba kowa ke da nauyi ɗaya ba. Kamar a ce za ka auna tashin farashin hatsi a babbar kasuwa amma gwargwadon buhunan da ke cikin sito, ka ga mai buhu dubu goma na gero in nashi ya tashi, sai a ce kasuwa ta tashi, ko da mai tiya ashirin ta ridi tana ta faɗuwa. A Legas masu manyan situnan su ne Dangote Cement, MTN Nigeria, Airtel Africa, BUA Cement da BUA Foods. A Abijan kuma Sonatel ta Senegal, kamfanin sadarwa, ce ta daɗe tana jan ragama, sai Orange ta Kodibuwa da ta shigo a Disamban 2022. Mu 'yan Nijar bankin BOA Niger muke da shi a ciki.

Duk wannan na rubuta shi daidai, har yau ba na jin kunyar shafi na ɗaya da na biyu. A shafi na uku na zana layi biyu. Na Legas ya tashi kashi 50 cikin ɗari a 2020, kashi 6 a 2021, kusan kashi 20 a 2022, ya rufe shekarar da maki 51,251. Na Abijan kuwa a 2022 ko kashi ɗaya bai cika ba, kuma kafin nan ya sha faɗuwa shekara biyar a jere daga 2016 zuwa 2020, a 2018 kaɗai ya zubar da kashi 29. Duk wanda ya kalli hoton nan zai ce a kai kuɗi Legas. Sai dai layi ɗaya da naira anka auna shi, ɗayan da sefa, ni kuwa na ɗora su bisa takarda ɗaya kamar mudu ɗaya ne. Ko kalma ɗaya ban rubuta a kan canji ba. Ni da na tashi garin da yaro mai tallan ruwa ma ya san nawa naira ta kwana, na shiga lissafin maki har na manta da abin da nake gani kullum bakin kasuwa. Wannan laifina ne, ban taɓa ɗora ma kowa shi ba.

Akwai kuma wanda ba nawa ba. A zanen farko da na yi, daga 2007 na faro layin Legas, don a ga abin da ya faru a 2008: ranar 5 ga Maris na shekarar ma'aunin ya kai maki 66,371, kafin shekara ta zagayo ya gangaro wajen 20,000, mutane da yawa da sunka ci bashin banki sunka sayi hannun jari sunka tsiyace, kuma har lokacin da nake rubutun, shekara goma sha biyar, bai koma wurin ba. Shef ya duba ya ce, “Kai malam, so kake ka tsorata Alhaji? Yanke, fara daga 2020.” Na ce shef ai rabin labarin ke nan, ya ce ni aka ɗauka aiki ko kai. Na yanke. Sannan cikin kamfanoni biyar da na jera, ya sa alƙalami ya soke na siminti, wai ya riga ya yi tsada. Bankuna da kamfanin giya dama Alhaji ya ce ko kusa, saboda kuɗin ruwa da haram, kuma na girmama wannan. Sai munka rage da guda huɗu, na kayan masarufi da na sadarwa.

Ranar da anka kai ma Alhaji takardar ina tsaye bakin ƙofa, shef ne ya yi bayani daga farko har ƙarshe yana cewa binciken da na yi, binciken da na yi. Alhaji ya ɗaga kai ya dube ni ya ce, “Yaro, kai ma ka gani?” Na ce e, ranka shi daɗe. Lokacin naira dubu tana wajen dala 160, sefa 800 ke nan, miliyan 60 ɗin nan sun kai kusan sefa miliyan 48 da an canza su ranar. Anka tura ma wani dillali a Kano, ya saya.

Daga nan abubuwa sunka riƙa zuwa a jere. Ƙarshen Mayu Tinubu ya hau ya cire tallafin mai, tsakiyar Yuni babban bankin Najeriya ya saki naira ta nemi farashinta da kanta, dala ta Amurka da gwamnati ke bayarwa a naira 460 da wani abu ta haura 700 cikin kwanaki. Ranar 26 ga Yuli anka yi juyin mulki a Yamai, CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta sa takunkumi, anka rufe iyaka, Najeriya ta yanke muna kuran, muna zaune biro cikin zufa sai ƙarar janareto. Shi kuwa ma'aunin Legas hawa kawai yake, ƙarshen Agusta ya ƙetare tsohon makin 2008, ya rufe shekara da 74,773, ƙarin kusan kashi 46, a Janairun 2024 ya tsallake 100,000. Duk ranar Juma'a shef sai ya buga hoton layin ya kai ma Alhaji falo. Ni tun wajen Oktoba cikina ya fara ɗurar ruwa, na je na ce mishi shef mu ƙara shafi a teburin nan mu riƙa maida kuɗin sefa, ya ce kada in kawo mishi baƙin baki.

Abu biyu ne sunka haɗu a kanmu. Na farko, tashin da ma'aunin ya yi a Janairun nan yawanci manyan ne sunka ja shi, Dangote Cement kaɗai farashinshi ya ninka har ya wuce cikin wata guda, wato wanda anka soke da alƙalami, bankuna ma sun yi tsalle a 2023. Namu huɗun, kamfanoni ne da ke sayo kaya da dalar Amurka ko suke da bashinta a wuya, faɗuwar naira ta cinye musu riba, biyu sun ɗan ɗaga biyu sun zauna, duka-duka miliyan 60 ta zama 72. Alhaji yana jin rediyo na cewa kasuwa ta kusa ninkawa, yana zaton nashi ma haka ne.

Na biyun shi ne wanda ban manta ranarshi ba. Ƙarshen Fabrairu, azumi ya matso, Alhaji yana son sefa zai sayi sukari da shinkafa ta hanyarmu, ya ce a sayar a kawo. Ni anka aika wurin ɗan canjin da muke hulɗa da shi, dattijo ne, abokin mahaifina tun suna samari, yana zaune kan benci da jakar fata bisa cinya da waya biyu. Na gaishe shi na ce kawu nawa take yau, ya ce 75. Na ce dala 75? Ya ce haka ta kwana, gobe ma Allah ya sani. Na ɗauki ƙaramar kalkuletarshi mai goge-gogen lambobi na buga, sefa miliyan 27. Na sake bugawa. Ya kalle ni ya ce, “Ɗana, kuɗin wa kunka bari ya shekara a naira?” Ban iya ba shi amsa ba, sai na ce zan dawo. Na hau kabu-kabu, har munka wuce biro ban ce ma yaron ya tsaya ba.

Sefa miliyan 21 sun tafi, a kan takarda kuwa riba ce kashi 20. Da ma ma'aunin gaba ɗaya munka saya, wanda ya kusa ninki biyu, ko uwar kuɗi ba za ta dawo cif ba in an maida sefa, don naira ta zubar da fiye da rabin darajarta a hannunmu. Sefa kuwa tana nan ɗaure da yuro a 655.957, duk abin da za a ce a kanta na siyasa a ce, amma wanda zai biya 'yan dako da duwan da ita dole da ita zai auna ribarshi.

A falon Alhaji takardar da ta kasance binciken shef ta koma aikin yaron nan. Ya ce shi ba fanninshi ba ne, ya amince da mai digiri ne. Ya buɗe shafi na uku ya nuna ma kowa cewa babu maganar canji, kuma gaskiya ne babu. Ina da zanen farko cikin kwamfutata, da kwanan wata, da jerin kamfanoni biyar ɗin, na buɗe baki zan yi magana sai Alhaji ya ɗaga hannu ya ce, “Ya isa. Abin da Allah ya rubuta ne. Amma yaro, ka ce mini ka gani.” Wannan kalmar ta fi mini zafi bisa duk abin da shef ya faɗa, don na ce na gani alhali na san an yanke rabin hoton. Ba a kore ni ba, an dai ɗauke littafin banki daga hannuna anka maida ni ƙidayar buhu a sito. Na haƙura har anka sha ruwa anka yi Sallah, sannan na ajiye.

Wanda duk shef ɗinshi ya ce ya yanke wani abu daga takarda, ya nemi a rubuto mishi umarnin ko a WhatsApp ne, kuma in mai kuɗi ya tambaye shi ido da ido ya faɗi abin da anka yanke. Ni na yi shiru don kada a ce na tsallake na gaba da ni, shi kuwa da rana ta ɓaci ko daƙiƙa bai yi ba wurin tsallake ni. Yana nan a kujerarshi har yau.

Sauran abubuwan da na koya ƙanana ne. Layi daga inda ka faro shi yake ba da labari, ka faro 2020 ka ga arziki, ka faro 2008 ka ga shekara goma sha biyar ta jira. Ma'aunin da ake faɗa a rediyo farashi kawai yake aunawa, ribar da kamfani ke rabawa duk shekara ba ta ciki, kuma a Abijan ita ce mutane da yawa ke saye dominta. Kasuwar Abijan da na nuna a kwance a shafi na uku ta tashi kashi 39 a 2021, wannan ma ban ja layi ƙarƙashinshi ba, sannan a 2024 ta ƙara kusan kashi 29, da sefa, ba canji ba iyaka, dillali yana nan Yamai. Ba na cewa can ba a faɗuwa, wanda ya saya ƙarshen 2015 da ma'aunin yana sama da 300 ya gan shi a 145 ƙarshen 2020.

Yanzu ina riƙe lissafin wata ƙungiyar manoman aya a wajen gari, albashin bai kai na da ba amma ina barci. Ranar da zan tafi na miƙa ma yarinyar da ke sitaj makullin USB da duk teburan, na nuna mata shafin ƙarshe da na ƙara a ɓoye tun Oktoba, wanda ke maida kowace naira sefa, na ce ko wa ya ce ta goge kada ta goge. Bayan sati biyu ta kira ni ta ce yaya, a wane shafin intanet ake samun farashin da zan sa a nan? Na ce ta je bakin kasuwa duk Litinin da safe ta gaishe da kawu, ta tambaye shi nawa ta kwana, ta rubuta da kwanan wata.