Ƙwaƙwalwar da ta iya barci muke saya

Shagonmu a Kano yake, muna haɗa ƙananan na'urorin auna damshin ƙasa don masu noman rani a wajen Kura da Kadawa. Ana binne su a gona, su riƙa aiko da rahoto ta rediyon LoRa, mai kai ɗan saƙo nesa da wuta kaɗan, zuwa wata na'ura mai tattarawa. Ita ƙwaƙwalwar da ke ciki, wato 'yar ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa na'urar, ba mu muke ƙerawa ba, wannan aikin manyan masana'antu ne. Namu shi ne zaɓenta, da zana allon da za ta hau, da rubuta mata umarni.

Mai saye yakan fara da tambayar saurinta. Ni kuwa abin da nake fara dubawa shi ne wutar da take sha tana barci, domin kusan duk rayuwarta a barci take. Takan farka bayan minti 15, ta auna, ta aika, ta koma. Ƙwaƙwalwa irin MSP430 ta Texas Instruments ko STM32L takan kwanta a kan maikuro'amfa ɗaya ko biyu (ma'aunin jan wuta ne, dubunsa ke yin miliyamfa ɗaya). ESP32 da samari ke so saboda arha da Wi-Fi tana iya jan sama da miliyamfa 200 lokacin aikawa. Tana da kyau inda akwai soket, amma gonar tumatir ba ta da shi.

Lissafin ba wuya. Batir mai miliyamfa-awa 2,500 (ma'aunin wutar da yake ɗauka), in ana jan miliyamfa 5 ba tsayawa, mako uku ya mutu. In matsakaicin jan ya sauko zuwa maikuro'amfa 50, a takarda zai wuce shekara biyar. Wannan 5 ɗin kuma sau da yawa ba ƙwaƙwalwar ke sha ba. Mai daidaita wuta ne na allunan kasuwa masu arha, da 'yar fitilar nan da ke ci dare da rana ba mai kallonta. Shi ya sa muke zana allonmu da kanmu, ko da ya fi tsada.

A takarda na ce. Zafin Afrilu kan haura digiri 40, cikin akwatin roba ya fi haka, kuma zafi na ƙara yoyon wuta a ƙwaƙwalwa, yana tsufar da batir. Don haka alkawarin da nake yi wa manomi kakar rani biyu ne, kuma akwatunanmu farare muke fentinsu.