Bindigar iska ta arha da ta tsada: inda kuɗin yake shiga

Aikin rage ɓeraye da zomaye a wata gona da ke arewacin Ingila, da izinin mai gonar a rubuce, shi ya sa na haɗa bindigogin iska biyu ina gwada su kafaɗa da kafaɗa. Ɗaya ƙirar ƙasar Sin ce, irin wadda ake karya bututunta a ɗana, kuɗinta bai kai fam 100 ba har da madubin saiti a cikin kwali. Ɗayar Weihrauch HW 97K ce ta Jamus, bututunta a kafe yake, hannun ɗanawa na ƙarƙashinsa, ta ninka waccan kuɗi kamar sau biyar, kuma ba ta zuwa da madubi. Dukansu sifirin ne ke tura fistin ya matse iska, dukansu harsashin dalma mai faɗin milimita 4.5 suke ci.

Abu na farko da ya kamata mai saye ya cire daga ransa shi ne wai ta tsada ta fi ƙarfi. A Ingila da Wels, bindigar iskar da ake mallaka ba tare da lasisi ba kada ƙarfinta ya wuce jul 16.27 (jul ma'aunin ƙarfin harsashi ne), wanda su suke kira fut-fan 12. Saboda haka ta arha da ta tsada duk ƙarƙashin rufi ɗaya suke. Jamus ta fi tsanani, jul 7.5 ne iyaka. A Najeriya kuwa dokar makamai ta sa bindigar iska cikin waɗanda sai da lasisin 'yan sanda. Lissafin ƙarfin ba wuya: harsashin JSB Exact mai nauyin giram 0.547, idan ya fita da gudun mita 240 a daƙiƙa, jul 15.75 ke nan. Ya kai 244, an taka layin doka. Lambobin gudun nan masu ɗaukar ido da ake bugawa a jikin kwali da harsashi marar nauyi ake samo su, wanda ba dalma ba, kuma ba shi ne za ka yi aiki da shi ba.

Bambancin yana fara bayyana ne a na'urar awon gudun harsashi. Na harba goma-goma da gwangwanin harsashi ɗaya. Ta Jamus tsakanin mafi gudu da mafi jinkiri mita uku ne a daƙiƙa. Ta arha a makon farko tana tsalle da mita ashirin zuwa talatin, wani harbin ya yi ƙara kamar an fasa kwalba, hayaƙi ya biyo baya da ƙaurin mai. Dalili shi ne man da aka lafta mata a masana'anta don kada ta yi tsatsa a jirgin ruwa. Idan fistin ya matse iskar a ƙiftawar ido, zafin yakan kunna man, kamar yadda injin dizal ke tashi ba tare da fulogi ba. Wannan ƙonewa tana cin robar kan fistin, tana gajiyar da sifirin, kuma tana iya cilla harsashi ya haura iyakar doka alhali kai ba ka taɓa komai ba. Shi ya sa ba a ɗiga man inji ko na fesawa a ramin iskar da ke bayan harsashi, ko da wani ya ce maka yana ƙara mata ƙarfi. Yana ƙarawa, na harbi biyar, sannan ka sayi sabon sifirin.

Da na kwance ta arhar sai na ga inda aka yi tsimin kuɗin. A nan sai an kula: sifirin a matse yake ko ba a ɗana ba, don haka ana danne murfin baya da matsi kafin a zare fil, in ba haka ba ya fito da ƙarfin da zai fasa haƙori. A ciki, gefen tsagar da hannun ɗanawa ke bi yana da kaifi, ba a goge shi ba bayan yanka, kuma tun ranar da aka tura fistin a masana'anta kaifin ya yanki leɓen robar. Iska na zurarewa ta wurin. Ƙarshen sifirin ba a daidaita shi ya kwanta sumul ba, sandar da yake zaune a kai kuma ta yi masa siriri, shi ne ke kawo karkarwa da ƙugin nan da ake ji a kunci bayan harbi.

Duk wannan yana gyaruwa da yamma ɗaya. Na bi gefen tsagar da ƙaramar zarto sannan sanfefa mai lamba 400, na wanke cikin silinda tas har tsumma ya fito fari, na sa sabuwar roba, na goge ƙarshen sifirin biyu a kan dutsen wasa wuƙa, na sa sandar roba mai tauri wadda ta cika shi. Giris mai moli, wato mai sinadarin molibdenum, kaɗan ake shafawa, a jikin fistin da bayan robar, ba a gabanta ba. Bayan harbi kamar ɗari biyu tsallen gudun ya sauko zuwa mita biyar ko shida. Wanda ya taɓa cikin bindiga dole ya koma kan na'urar awo da harsashi iri biyu ko uku, mai nauyi da marar nauyi, domin robar da ta toshe da kyau tana ɗaga ƙarfi, kuma 'yan sanda da harsashin da suka ga dama suke gwadawa.

Kunama ita ce wadda ta fi ba ni wuya, kuma ita ce rabin kuɗin ta Jamus a ganina. Kunamar Rekord da Weihrauch ke sawa hawa biyu ce: yatsa ya ja a hankali ya tarar da bango, ya ƙara ɗan matsi ta saki, kullum a wuri ɗaya, kuma akwai noti a bayanta na rage nauyi ko ƙarawa. Ta arhar ƙarfe ne da aka buga da inji, doguwar tafiya mai gurzawa, ba ka san inda za ta saki ba. Kafin ta saki, bakin bindiga ya riga ya kauce. Ana iya goge fuskokin da ke gugar juna su yi santsi, amma kada a rage kwanar ƙugiyar da ke riƙe fistin. Ƙarfen a fata kawai yake da tauri, an ci fatar an shiga mai laushi, wata rana ta tashi da kanta. Idan ta tashi alhali an karya bututu don ɗanawa, zai ɗago da ƙarfi ya lanƙwashe, yatsan da ke saka harsashi kuma ya shiga uku. Don haka hannu ɗaya ba ya sakin bututu ko hannun ɗanawa sai an rufe, a ta arha da ta tsada duka.

Akwai abin da zarto ba ya gyarawa. Mahaɗar da bututu ke karyewa, idan fil aka buga mata maimakon noti mai ɗauruwa, da ta fara girgiɗi hagu da dama shi ke nan. Madubi yana kan silinda, bututu yana gabansa yana rawa, kowane harbi da inda yake kallo. Ta HW 97K ba ta da wannan matsala tunda bututun ba ya motsi, amma ta biya da nauyi, wajen kilo huɗu kafin a ɗora madubi, kuma ana jin sa bayan awa biyu a bakin shinge. Sai cikin bututun kansa. Gwajinsa shi ne a tura harsashi da sanda mai laushi daga baya zuwa baki. Mai kyau yana tafiya da matsi iri ɗaya, ya ɗan ƙara tsukewa daf da fita. Marar kyau wani wuri ya cije, wani wuri ya zurma kamar babu komai. A duba bakin kuma da auduga: idan zare ya maƙale, akwai ƙaiƙayin ƙarfe da ke karce harsashi yana fita.

A yadi 25, an ɗora bindiga bisa jaka don kada ta motsa, harbi biyar na ta Jamus sulen nan na fens 5, mai faɗin milimita 18, yana rufe su. Ta arhar kafin gyara sai tafin hannu, bayan gyara ta dawo kamar milimita 30. Ga ɓera a rumbu a yadi 12 zuwa 15, wannan ya wadatar sarai. Ga zomo a yadi 30, wanda wurin da ake nema a kansa bai fi tsabar fam ɗaya ba, bai isa ba, raunata dabba kawai za a yi ta gudu rami ta mutu a wahale. A nan na raba musu aiki.

Madubin da ya zo a kwali bai yi wata biyu ba. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma yana da kyau a san dalili: bindigar sifirin tana duka biyu ne, baya idan fistin ya tashi, gaba idan ya daki ƙarshen silinda. Dukan gaban nan ke kwance gilasai da zaren saiti, har a madubin da aka yi wa bindigar albarushi. A nemi wanda aka rubuta ya dace da ta sifirin, da mariƙi guda ɗaya mai fil da ke shiga ramin saman silinda, don kada ya riƙa jan jiki baya. Notunan ƙota guda uku ko huɗu su ma suna kwancewa, a riƙa bi da sukuddireba kafin a zargi bututu. Riƙon ma sako-sako ake yi, a ɗora ƙotar gaba a buɗaɗɗen tafi a wuri ɗaya kullum, a bar ta ta yi motsinta.

Harsashi kuwa kada a yi masa rowa. Gwangwanin JSB na Cek ko H&N na Jamus ya gyara ta arhar fiye da duk abin da na yi mata da sanfefa. A sayi iri uku masu zagayayyen kai, a gwada kowanne bayan harbi ashirin na share fage, domin kowane bututu da wanda yake so.

Sunan da ke jikin kwali ba ya nuna inda aka ƙera. Kamfanonin Turai da Amurka da dama a Sin ake yi musu masu arhar, a buga tambarinsu, sai an duba hatimin jikin silinda. Tsakanin ɓangarorin biyu akwai na Hatsan daga Izmir ta Turkiyya da Gamo ta Sifen. Kafin in biya kuɗin kowace yanzu, tambayata ɗaya ce ga mai shago: robar fistin, robar mahaɗa da sifirin, akwai su a ƙasa? HW 35 ta Weihrauch tun 1951 ake ƙera ta, HW 77 tun 1983, har gobe ana samun kayansu. Robar ta arhar sai da na auna tsohuwar da ma'auni, na yi odar iri biyu, ta biyun ce ta shiga.